Shin allura za ta iya maye gurbin tiyata ga idon sawun da ke yawan gurɗewa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na yi targaɗe a idon sawuna na dama wajen ƙwallon yamma, aka kai ni wurin mai ɗori ya ja ya ɗaure, kumburin ya sace bayan mako uku. To amma tun daga lokacin ƙafar ba ta koma daidai ba, domin ko tsakuwa na taka, ko na sauko daga matakalar masallaci ba da lura ba, sai in ji ta gurɗe kamar ba tawa ba. A bana kaɗai sau huɗu ta yi mini haka. Wani abokin aikina ya ce akwai allurar da ke ƙarfafa jijiyar wurin ba sai an yi tiyata ba. Ina roƙon masu sani su yi mini bayani, don ina matuƙar tsoron wuƙar likita.

Mai Gashin Ƙashi:
Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ba ka lafiya. Allurar da abokin naka yake nufi ita ce furolotarafi, wadda wani likitan tiyata ɗan Amurka, George Hackett, ya yayata a shekarun 1950. Ruwan sukari ne mai kauri, yawanci kashi 12.5 zuwa 25 cikin 100, ake haɗa shi da maganin kashe zafi, a tsira shi daidai inda jijiyar ta manne da ƙashi. Manufar ita ce a tayar da ɗan kumburi da gangan, domin jiki ya sake aiko da kayan gyara wurin da ya riga ya daina kulawa da shi. Ba sau ɗaya ake yi ba, akan maimaita sau 3 zuwa 6 da tazarar makonni a tsakani, kuma akan hana mutum shan ibufurofen ko dikilofenak a lokacin, tunda su aikinsu danne kumburin da ake nema.

Akwai kuma ta PRP, inda ake ɗibar jininka, a juya shi a na'ura har ƙwayoyin da ke daskarar da jini su taru, sannan a mayar maka da su a wurin ciwon. Ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Sai dai gaskiyar magana, binciken da aka yi kan waɗannan allurai biyu a idon sawu bai taka kara ya karya ba, akasari mutane kaɗan aka gwada a kansu. Kuma gurɗewa iri biyu ce. Wani jijiyarsa ta gefen waje ce ta saki ko ta tsinke, wani kuwa jijiyar da sauran ƙarfinta, abin da ya rasa shi ne ƙarfin tsokar gefen ƙwauri da kuma saurin da ƙafa ke gane ta karkace ta gyara kanta. Mai irin na biyu ko allura goma aka yi masa, ba ta koya wa ƙafarsa tsayuwa. Shin ka taɓa yin atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya, ido a buɗe sannan a rufe, da jan roba da gefen ƙafa, kullum har tsawon wata uku? Idan ba ka yi ba, daga nan ake farawa.

Hajiya Maman Ikram:
Ɗana, abin da zan ƙara shi ne ka tambayi sunan duk abin da za a tsira maka. Ni wani mai shagon magani ya yi mini allurar sitiroid a idon sawu, ciwon ya ɗauke kamar an zare ƙaya, na koma hidimata, ashe rauni na nan kwance. Bayan wata biyu na sake gurɗewa a bakin murhu, tukunya a hannuna. Daga baya likita ya shaida mini cewa ita wannan allurar kumburi kawai take kwantarwa, kuma yawan maimaita ta yana iya raunana jijiya.

Abu Hanif:
Ina goyon bayan maganar atisaye, amma shekara biyu ba kwana biyu ba ce, ya kamata likitan ƙashi ya gan ka, tunda ga asibitin ƙashi na Dala kusa da kai. Zai riƙe ƙwaurinka ya janyo dunduniya gaba ya ji ko gaɓar tana wasa, kuma yana iya neman hoton MRI, saboda yawan gurɗewa kan fasa guringuntsin cikin gaɓar, abin da ruwan sukari ba ya gyarawa. Idan jijiyar ta tsinke sarai, aikin da ake yi shi ne wanda likitan Suwidin Lennart Broström ya bayyana a 1966: a tattaro jijiyar taka a ɗinke ta a matse, ba tare da an sauya maka gaɓa ba. Ni an yi mini, na yi makonni ƙafa a ɗaure, sannan na shafe watanni ina zuwa gashi kafin na koma gudu.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gwada tsayuwar da ido a rufe: ƙafar hagu ta kai daƙiƙa 20, ta dama kuwa ko biyar ban kai ba na dafa bango. Ranar Litinin in Allah ya yarda zan je in yanki kati.