Dan Allah a taimaka: xsl:sort yana jera min abubuwa da haruffa, ni kuma tsarin kaina nake so

dan_koyo
Salamu alaikum ƴan uwa. Kwana biyu kenan abin nan ya hana ni sakat. Ina da fayil na XML na ƙorafe-ƙorafe, kowanne yana da @mataki, ko gaggawa ko babba ko matsakaici ko karami. So nake na gaggawa su fito a sama sauran su biyo a haka, amma da na sa xsl:sort, umarnin jera abubuwa na XSLT (yaren sarrafa XML), sai babba ya haye kan gaggawa, karami kuma ya riga matsakaici saboda yana bin haruffa, har na gwada priority="4" a kan template ɗin gaggawa wallahi ko gezau. PHP nake amfani da shi.

Yaya_Saxon
Wa alaikumus salam. Fara cire priority ɗin nan ƙanina, ba ruwansa da jeri. Aikinsa kawai raba gardama idan template biyu suka dace da abu ɗaya. Tunda PHP ne to libxslt ke gudanar da XSLT ɗin a ƙarƙashi, shi kuma XSLT 1.0 ta 1999 kaɗai ya sani, don haka ga tsohuwar dabara:

`<xsl:sort data-type="number" select="string-length(substring-before('|gaggawa|babba|matsakaici|karami|', concat('|',@mataki,'|')))"/>`

Ƙirga haruffan da suka gabaci kalmar yake yi, gaggawa ya ba da 0, babba 8, matsakaici 14, karami 25, sai ya jera da lambobin. Kada ka manta data-type="number" fa, in ba haka ba 14 zai riga 8 don a matsayin rubutu zai ɗauke su.

dan_koyo
Alhamdulillah ya yi! Allah ya ƙara basira yaya. Sai dai akwai guda uku da aka rubuta "Karami" da babban K, sun taso sama sun cakuɗu da na gaggawa, me ya jawo?

Maman_Code
Wannan ramin ni ma na taɓa faɗawa, rahoto ya fita da abin da ba shi da muhimmanci a layin farko, sai da aka kira ni a waya tukuna na lura. Idan substring-before bai sami kalmar ba fanko yake dawowa da shi, tsawon fanko kuwa 0 ne, daidai da na gaggawa. Ka gyara K ɗin da translate(@mataki,'K','k'), sannan ka sa wani xsl:sort a gaban wancan wanda zai tura duk baƙuwar kalma ƙasa, select="not(contains('|gaggawa|babba|matsakaici|karami|', concat('|',@mataki,'|')))", saboda false yana riga true. A duka biyun za ka sa translate ɗin.

Ni dai gaskiya in da hali ka koma Saxon-HE, wani injin gudanar da XSLT, kyauta ne, tun XSLT 2.0 ta 2007 layi ɗaya ne kuma wanda zai gaji aikinka zai gane:

`select="(index-of(('gaggawa','babba','matsakaici','karami'), lower-case(@mataki)), 99)[1]"`

99 ɗin nan shi ke kai wanda ba a sani ba ƙarshe.

dan_koyo
Na gode ƙwarai Anti. Sabar ba tawa ba ce, ba za su bar ni in ɗora Saxon ba, na bi ta translate kuma ukun sun sauka wurinsu. Yanzu zan ƙara xsl:sort na uku a ƙasa don masu mataki ɗaya su bi kwanan wata.