Kyamarorin gidanmu sun tsufa: in canja duka ko akwai abin da za a bari?

Ɗan Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gida ne mai bene ɗaya a Agege, akwai tsofaffin kyamarori huɗu na analog da DVR (na'urar ɗaukar hotonsu) mai tasha huɗu, faifan ajiyarsa 500GB. Da rana ba laifi, amma da dare ba ka gane fuskar wanda ke bakin get, sai dai inuwa. Ina so su koma takwas, in riƙa kallo ta waya in na fita, kuma hoton ya zauna wata guda kafin ya goge. Waya mafi tsawo ta kai mita 70, zuwa katangar baya. Sannan duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareta sai DVR ɗin ya mutu ya sake tashi. Wani mai shago ya ce in zubar da komai in koma IP, wato kyamarorin da ke turo hoto ta wayar intanet. Me kuka gani?

Injiniya Idi-Araba

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi komai sai ka duba wayoyin da ke cikin bango, su ne za su yanke maka hukunci.

In RG59 ce aka ja, wato wayar hoton kyamarar analog, a yanke ɗan guntu daga ƙarshe a kai mata maganaɗisu. In ya kama tsakiyarta, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, irin ta arha. In bai kama ba kuma ba tsatsa, ba ɓera ya ci, to ka tsira da kuɗinka: wannan wayar za ta ɗauki kyamarar 2MP ko 5MP ta TVI, CVI ko AHD, wato sababbin analog masu tsabtar hoto, mita 70 ba komai ba ne a wurinta. Abin da za ka canja shi ne kyamarorin, da kawunan BNC na bakin wayar (a sa sababbi duka, damshin Legas ya gama da tsofaffin), da na'urar ɗauka. Ka nemi DVR mai tasha takwas wanda ke karɓar analog da IP a tare. Hikvision da Dahua duk suna yi, kuma ana samunsu a Alaba International da Computer Village. Tsofaffin layuka huɗu su zauna a kan wayarsu, sababbi huɗun a ja musu sabuwa.

Ka lura da rubutun kwali. DVR ɗin da aka rubuta masa 1080N ba cikakken 1080 yake ɗauka ba, 960 sau 1080 ne, rabin faɗin hoton ke nan. Mutane da yawa sukan sayi kyamarar 5MP su jona wa irin wannan, sai su ce an cuce su a kyamara, alhali na'urar ce ta rage hoton.

Maganar dare kuwa, ba lallai tsufan kyamara ne kaɗai ba. Fitilun IR, waɗanda kyamara ke gani da su da dare, suna kunnuwa ne in duhu ya yi, a lokacin kyamara ke jan wuta sosai. Bolt 12 da ya bi siririyar waya mita 70 ba ya isa a 12, yakan faɗi har kyamarar ta riƙa dushewa ko tana mutuwa tana tashi. A auna da mita a gindin kyamarar bayan magariba, ba da rana ba. In ya gaza 11, a sa waya mai kauri 1.5mm ko a matso da akwatin wutar kusa. Kyamara takwas suna son akwati mai amfa 10, kowane layi da fis ɗinsa.

Mai Waya Mile 12

Injiniya ya yi magana, amma ni a nan na ɗan saɓa masa. Tunda huɗu sababbi ne kuma dole a ja waya, gara a yi aikin sau ɗaya: NVR (na'urar ɗauka ta kyamarorin IP) mai PoE tasha takwas, wayar intanet ta Cat6 zuwa kowace kyamara. A PoE waya ɗaya ce ke kai wuta da hoto, a bolt 48, don haka matsalar faɗuwar wuta ta kau, kuma babu akwatin wuta daban. Iyakarta mita 100, kai kuwa 70 gare ka.

Sharaɗin shi ne Cat6 ɗin ta zama jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da CCA, alminiyam ne da fentin jan ƙarfe. Kankare silin ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka mayar. Tana aiki watannin farko, daga baya ta riƙa karyewa a cikin kan RJ45, kyamara ta ɓace ta dawo, ka yi ta zargin NVR. Kwali ɗaya mita 305 ne. Gida irin naka ka lissafa biyu. A zura ta cikin bututun roba, kada a ɗaure ta jikin wayar wutar gida ko ta wayar katanga mai shokin.

Kan fuskar mai bakin get: yawan megafiksel ba shi ne magani ba, ido da tsayi ne. Ido mai 2.8mm yana kwaso fili da faɗi amma mutum ƙarami yake fitowa, wannan na tsakar gida ne. A get a sa mai 4mm ko 6mm, tsayin mita biyu da rabi zuwa uku, tana kallon inda mutum zai tsaya. In aka kai ta can saman bene, hula da ƙeya kawai za ka tara. Kada a manna ta kusa da farin bango, hasken IR zai dawo mata ya makantar da ita. Saƙar gizo ma haka take yi, a riƙa sharewa. In akwai fitilar tsaro a get, kyamara mai launi da dare irin ColorVu ta Hikvision ta fi, don za ka ga kalar riga da ta mota.

Kowace ta waje ta zama mai lambar jure ruwa da ƙura IP66 ko IP67, haɗin wayar kuma a cikin akwatinsa, bakin yana kallon ƙasa. Ruwan Yuni da Yuli ba ya barin haɗin da aka naɗe da salatif kawai.

Sannan don Allah a kauce wa tagar maƙwabta, in akwai 'yan haya kuma a sanar da su. Gidajenmu na Agege a manne suke.

Ɗan Agege

Na gode ƙwarai. An duba, wayar baya maganaɗisu ya kama ta, wata ma ta yi kore. Da alama IP ɗin za a yi. Saura ajiya da wuta.

Malam Solar Alaba Rago

To Alhaji, ga lissafin ajiya. Kyamarar 4MP a kan H.265 (tsarin matse hoto) in an saita ta megabit 2 a sakan, tana cin wajen 21.6GB a rana. Takwas ke nan kusan 173GB. Kwana 30 ya haura 5TB, don haka faifan 6TB za ka saya. Na 4TB zai ba ka kamar sati uku. Za ka iya tsawaita shi in ka bar get da katangar baya suna ɗauka dare da rana, na cikin gida kuma sai an motsa. Faifan ya zama na aikin tsaro, WD Purple ko Seagate SkyHawk. Na kwamfuta ba a gina shi don rubutu awa 24 ba. Ka sa a buɗe ledarsa a gabanka, bayan an sa ka shiga menu ka duba awannin da ya yi aiki, don tsoho da sabon sitika ba baƙon abu ba ne.

Mutuwar da na'urar ke yi lokacin canjin layi ita ce ke kashe faifai, domin wuta na yankewa ne yana tsakiyar rubutu. Kuma ɓarawo ya san lokacin duhu. NVR da kyamara takwas da rauta suna jan wat 60 zuwa 80 da dare. Ƙaramin UPS mai batir 7Ah zai tsallakar da kai mintunan tada janareta, amma ba zai kai awa ɗaya ba. In kana son kwana, sai inbata da batir 100Ah mai bolt 12: wat-awa 1200 ne, rabi ake ci in na ruwa ne don ya daɗe, ka samu wajen awa bakwai. Talabijin ɗin kallo kada ta hau wannan layin. A sa makarin tsawa a soket, a kuma tabbatar sandar ƙasa ta gidan tana aiki, in ba haka ba makarin ado ne kawai.

Kallo ta waya: jona NVR da rauta ta waya, ba ta iska ba, ka kunna P2P (hanyar da na'urar ke haɗuwa da wayar hannunka), ka ɗauki lambar QR da manhajar Hik-Connect ko DMSS, gwargwadon kamfanin. Layukan 4G galibi ba sa ba da adireshi na kai kaɗai, saboda haka kada wani ya ɓata maka lokaci da buɗe fot a rauta. Ka riƙa kallo a ƙaramin hoto, yana cin kamar 230MB a awa. Babban kuwa 900MB ne kowace kyamara.

Asusun ya zama da lambarka aka buɗe shi, ba ta mai haɗawa ba, domin na'urar asusu ɗaya take ɗaurewa da shi kuma kwance ta wahala ce. Ya gama aiki, ka canja kalmar sirri.

Injiniya Idi-Araba

Tunda wayar ta mutu, na bi bayan Mai Waya. Ƙari ɗaya: NVR ɗin kada ya zauna a falo ƙarƙashin talabijin, nan ake fara dubawa. A kai shi ɗaki cikin akwatin ƙarfe mai huji don iska, a ja HDMI zuwa falo. A kyamarar get kuma a sa katin ajiya 128GB, ko an ɗauke na'urar hoton yana nan. Ka kuma saita agogon ya riƙa daidaita kansa ta intanet, hoton da kwanan watansa ya karkace yakan yi wuyar tsayawa hujja a wurin 'yan sanda.