Musayar Waƙa Kan Wuta, Mita da Haƙƙin Mai Biya

Dattijo daga Kakuri a Kaduna, tsohon ma'aikacin masaƙa, shi ya buɗe fage:

Da sunan Allah nake fara baitina,
Ya ba ni basirar abin da zan rubuta.

Na yi aikin masaƙa a nan Kakuri,
Zamanin da inji ba ya tsayawa ya huta.

A 1972 aka kafa NEPA,
Ga madatsar Kainji tana ba mu wuta.

A 2005 aka zo da dokar gyara,
Aka kafa hukumar NERC ta sa ido, ta hukunta.

A 2013 aka sayar da rarrabawa,
Kamfanoni 11 ke riƙe da ragamarta.

Suna ya sauya sau da dama a idona,
Amma duhun unguwarmu yana ta tsananta.

'Ya'yana, ku da kuka san takardu,
Ku nuna mini ribar gyaran in fahimta.

Mai walda daga Panteka ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya,
Ga nawa ciwon, ka ba ni dama in ambata.

Shagon waldata ba a sa masa mita ba,
Takardar ƙiyasi ake miƙo mini duk wata.

A Oktoban 2024 Arewa ta shiga duhu,
Da layin Shiroro zuwa Mando aka lalata.

Ribar ƙofofi da tagogin da na ƙera
Duk ta ƙare a cikin tankin janareta.

Da wata ya ƙare takarda ta iso mini,
Kuɗin wutar da ko sau ɗaya ban ga haskenta.

Taransifomarmu ta ƙone, muka yi karo-karo,
Teloli da masu niƙa, maza da mata.

Malama daga Unguwar Rimi ta karɓa:

Malam, na ji kukanka, ka saurare ni,
Akwai haƙƙinka a doka, na karanta.

Taransifoma da turaku da wayoyi,
Nauyin kamfani ne ya sayo, ya gyarta.

Tun Fabrairun 2020 hukuma ta sa iyaka
Ga kuɗin da za a ƙiyasta wa marar mita.

Duk abin da ya haura wannan iyakar,
Kana da ikon ka ce a sake lissafta.

Sai dai faɗa da mai kawo takarda a ƙofa
Ba ya shiga kundi, gobe an manta.

Ka rubuta ƙorafi ga sashen ƙorafin kamfani,
Ka riƙe kwafi mai hatimi, kada ta ɓata.

Kwana 15 na aiki doka ta ba su,
In sun wuce babu amsa, an jinkirta,

Sai ka ɗauki kwafin zuwa zauren ƙorafin NERC,
Akwai shi a Kaduna, ba sai ka nesanta.

In can ma hukuncin bai gamsar da kai ba,
Sai ɗaukaka ƙara ga hukumar da kanta.

A Afrilun 2024 kuma Rukunin A na masu shan wuta
Aka kai shi naira 225 kowane yunit, farashi ya tsawwalta.

Sharaɗinsa awa 20 ne a kowace rana,
Layin da ya gaza, sauko da shi ya wajabta.

Don haka ku sami littafi a unguwa,
Sa'ar kawowa da ɗaukewa duk ku rubuta.

Tsohon injiniyan lantarki daga Barnawa ya sa baki:

Malama, kin yi bayani, Allah ya saka,
Amma akwai gefen da ban so mu ɓoye ta.

Mafi yawan wutarmu da iskar gas ake yin ta,
Mai gas kuwa ba ya bayarwa kyauta.

Megawat 4,000 zuwa 5,000 ake rabawa
Ga mutum sama da miliyan 200 mabuƙata.

In wani ya zagaye mita da waya da dare,
Maƙwabcinsa mai biya shi ne ya cuta.

Mai walda ya dawo:

Yallaɓai, ban goyi bayan ɓarawo ba,
A kama shi, doka ta yi aikinta.

Amma mai awo a kasuwar Bacci
Da mudu yake auna dawa, kowa ya shaida ta.

Ku ba ni mudun wuta in ga abin da na sha,
In na ƙi biya a yanke, ba zan musanta.

Dattijo ya sake tambaya:

'Yata, na ji an ce an yi sabuwar doka,
Wadda ta ba jihohi iko, ko ya tabbata?

Malama ta amsa:

Baba, haka ne, a Yunin 2023
Aka sa hannu, tsohuwar dokar aka sauya ta.

Jiha na iya samarwa, ta rarraba,
Ta kafa hukumar sa ido a cikin iyakarta.

Enugu da Ondo da Ekiti a 2024
Sun karɓi ikon, kowace da kasuwarta.

Tsorona shi ne a sauya ofis kawai,
Mai biya ya rasa kujerar da za ta wakilta.

In an kira zaman jin ra'ayi kan farashi,
Kamfani kan zo da lauya da alƙaluman da ya lissafta,

Mu kuwa ba ma zuwa, sai mu ji a rediyo
Bayan an gama, an sa hannu, an zartar da ita.

Malam, ka tara mini takardun 'yan layinku,
Na wata shida, tare da shaidar biyanta.

Ranar Asabar bayan La'asar zan zo Panteka,
Mu zauna a shagonka, ƙorafin mu rubuta.