Kamfanin inshora ya ƙi biyan diyyar raunin ƙanena a Jidda: wa za mu kai ƙara?

Baban Hafsa, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙa'idar ƙasar nan. Wata mota ce ta keta jar danja ta afka wa motar ƙanena yana hanyar komawa gida daga aiki, ya karye a cinya har sai da aka sa masa ƙarfe, haƙoransa biyu na gaba kuma suka fita. Rahoton murur, wato 'yan sandan hanya, ya ɗora wa ɗaya direban laifin gaba ɗaya, kuma motarsa tana da inshora. Kamfanin ya biya kuɗin gyaran mota, amma da aka zo maganar rauni sai suka ce ba za su ba da ko riyal ɗaya ba sai mun kawo hukuncin kotu. Dangin direban kuma suna ta zarya asibiti da takardar yafewa, wai ya sa hannu su ba shi abin da ya sawwaƙa. Kamfanin za mu kai ƙara ko direban?

Abu Yasir, Makka:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Malam Baban Hafsa, abin da kamfanin ya faɗa yana da tushe, domin a Saudiyya alƙali ne yake ƙayyade arashi, wato diyyar rauni, ba kamfani ba. Za ku shigar da ƙara a kan direban ta manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a, a sashen haɗarin mota na babbar kotu, ku haɗa da rahoton murur da rahoton ƙarshe na likita. Kotu tana da masanin da yake kimanta raunuka bisa ma'aunin shari'a. Tun shekarar 2011 cikakkiyar diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce, kuma daga gare ta ake lissafin gaɓoɓi: haƙori ɗaya raƙumi biyar ne cikin raƙuma ɗari na cikakkiyar diyya, wanda ya kama riyal 15,000. Ita kuwa karayar cinya, ana duba yadda ta warke da nakasar da ta bari, shi ya sa bai kamata ku karɓi rahoton ƙarshe ba tun ƙafar ba ta nuna inda ta dosa ba. Idan hukuncin ya fito, shi za ku miƙa wa kamfanin.

Maman Usama, Madina:

Ɗan'uwa, don Allah kada ku bari ya sa hannu a wannan takarda yana kwance, raɗaɗi da kunyar baƙi suna damunsa. Yafiya alheri ce ga wanda ya yi niyya, amma sai mutum ya san girman abin da yake yafewa. Na ga maƙwabciyar da aka lallaɓa da ɗan kuɗi a ambulan, daga baya likita ya ce sai an sake yi mata aiki, ta koma ta tarar da takardar da ta sa wa hannu ta rufe mata ƙofa. Ku adana rasit na kowane magani da hoton ƙashi da takardar hutun da asibiti ya ba shi. Ku kuma fahimtar da dangin direban cikin mutunci cewa ba aljihunsu kuke hari ba, kamfanin inshorar ɗansu ne zai biya ku.

Malam Na-Hindawiyya:

Bari in ƙara a kan bayanin Abu Yasir, domin a nan ne ake iya kai kamfanin kansa ƙara. Inshorar dole ta mota tana ɗaukar haƙƙin wanda aka cutar har riyal miliyan 10 a haɗari ɗaya, kuma idan takardu suka cika, kwana 15 aka ba kamfani ya sallami mutum. Kada ku yarda su fake da cewa direbansu ya keta danja. Ƙa'ida ita ce su biya wanda aka ji wa rauni, sannan su bi direban ya mayar musu. Idan suka ƙi ko suka yi ta ja muku rai, ku nemi su rubuta dalilinsu, ku kai koke Hukumar Inshora, wadda ta karɓi wannan aiki daga Babban Bankin Saudiyya a shekarar 2023. In abin ya faskara, sai kwamitin warware rigingimun inshora, wanda yake da zama a Riyad da Jidda da Dammam. Wanda hukuncinsa bai gamsar ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara, kuma ba a sauraren da'awar da ta wuce shekara biyar ba tare da uzuri ba. Tunda ƙanenka ba ya iya tafiya yanzu, ya yi maka wakilci a hukumance ta Najiz domin ka tsaya masa.