Wace kalma za mu ba "imputation" a Hausa?

1/ Malamai, ina neman shawararku. Ina rubutu ne kan yadda agogon hannu na zamani ko wayar da ke jikin mutum ke gane ko tafiya yake yi, ko zaune yake, ko kwance. Na zo kan kalmar "imputation" na tsaya cak.

2/ Cikin irin waɗannan na'urori akwai ma'aunin motsi da ma'aunin juyawa. A wani sanannen gwaji da aka fitar da bayanansa a 2012, an ɗaura wa mutum 30 wayar Samsung Galaxy S II a ƙugu, tana ɗaukar awo sau 50 a kowace daƙiƙa, suna tafiya, suna hawa bene da saukowa, suna zama da tsayuwa da kwanciya. Can komai tsaf yake. Amma a zaman yau da kullum batir kan mutu, Bluetooth ya yanke, madauri ya saki, ko a cire agogon za a shiga wanka. Sai awon ya zo da giɓi.

3/ To, sanya lambobi a wannan giɓin shi ne "imputation". Wani ya maimaita awon ƙarshe, wani ya sa matsakaici, wani kuma ya bar manhaja ta lissafo daga abin da sauran ma'aunan suka ɗauka.

4/ "Cike gurbi" ce ta fara zo mini, amma ban gamsu ba. A jarrabawa, gurbin da ɗalibi ke cikewa amsarsa na nan a hannun malami. Nan kuwa ba wanda ya taɓa auna lambar, ba kuma za a taɓa aunawa ba. "Kintace" kuma ta yi sako-sako, kamar da ido aka yi.

5/ Ni dai na karkata ga "cikon ƙiyasi". Ciko shi ne abin da aka ƙara don a cika, ƙiyasi kuwa auna abin da ba a sani ba da makamancinsa da aka sani. Tana kuma zama a jimla: an yi wa bayanan daren jiya cikon ƙiyasi.

6/ Abin da ya sa na nace sai "ƙiyasi" ta fito: tun 1976 masanin ƙididdiga Donald Rubin ya nuna cewa dalilin ɓacewar bayani na da muhimmanci. A ce tsohuwa ce ke cire agogonta duk ranar da jiki ya matsa mata ta kwanta. Manhaja ta cike wurin da matsakaicin zirga-zirgarta, likita ya duba ya ga kamar lafiya lau ta wuni. In rahoton ya ce awa shida ɗin nan cikon ƙiyasi ne, zai tambaye ta.

7/ Malaman harshe, "cikon ƙiyasi" ko "ƙiyasin giɓi", wacce ta fi daɗin faɗi a bakinku?