Dan Allah meye bambancin verse da stanza, kuma ya ake gane rhyme scheme?

Ummin_Baba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilmin adabin Turanci ku taimaka min, ina shirin zana WAEC ne kuma ɓangaren waƙoƙin nan shi ke ba ni wahala sosai. Malaminmu wani lokaci ya ce verse wani lokaci ya ce stanza kuma duk abu ɗaya yake nunawa a allo, ni kuma da na duba ƙamus sai na ga wai verse na iya zama layi ɗaya. To wanne ne daidai? Sannan ga rhyme scheme da ake rubuta ABAB, ga iambic pentameter wanda ko faɗarsa ma da ƙyar nake yi, ga blank verse da free verse. In da hali a min bayani da Hausa don in da Turanci ne haddacewa kawai nake yi ba na fahimta. Nagode.

Malam_Ɗango:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminku bai yi kuskure ba, ƙamus ɗin ma haka, kalmar ce mai fuska da yawa. Stanza ita ce baiti, ba ta da wata ma'ana bayan wannan. Line shi ne ɗango. Shi kuwa verse yana iya zama ɗango ɗaya, yana iya zama baiti musamman a waƙar da ake rerawa, yana iya zama waƙa gaba ɗaya idan ana bambanta ta da zube wato prose, kai har aya ma verse suke ce mata in suna fassara Alƙur'ani ko Baibul. Don haka a jarrabawa in baiti kike nufi ki rubuta stanza kawai ki huta.

Rhyme kuma ai amsa-amo ne, ko ƙafiya kamar yadda malaman zaure ke cewa. Ki dubi kalmar ƙarshe ta kowane ɗango, ta farko ki ba ta A, duk wadda sautinta ya zo ɗaya da ita ita ma A ce, in sabon sauti ya shigo ki ba shi B, haka dai. Misali ɗangaye huɗu sun ƙare da night, day, light, play, kin ga ABAB kenan. Amma fa da kunne ake yi ba da ido ba, nan ne yara ke faɗuwa. Blue da through rubutunsu ya sha bamban amma sun amsa juna, love da move kuwa a ido kamar 'yan biyu a baki kowa da hanyarsa, shi ake kira eye rhyme.

Wani abu da nake so ki riƙe, mu a rubutacciyar waƙar Hausa in gaɓar ƙarshe ta zo ɗaya shikenan an yi amsa-amo, sai ki ga waƙa mai baiti hamsin kowane baiti ya ƙare da "wa" ko "na" daga farko har ƙarshe, wannan ne babban amsa-amo, ga kuma ƙarami a cikin baitin. Su Turawa ba haka ba ne, daga wasalin ƙarshe da murya ta danna ake fara lissafi kuma sun fi so baƙin da ke gabansa ya bambanta, sannan yawanci kowane baiti da sabon amsa-amonsa.

Abu_Hanan:
Malam ya gama da wannan, Allah ya ƙara ilmi. Ni bari in taɓa iambic pentameter ɗin tunda shi ya fi tsorata mutane. Metre shi ne ma'aunin waƙa, irin arulin da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara wa Larabci wanda mawaƙanmu suka aro, su Kamil da Ramal. Bambancin shi ne mu nauyin gaɓa muke aunawa, doguwa ko gajera, su kuma Turawa inda murya ta danna suke bi. Ki ce today da ƙarfi, ki ce again, ki ce before, za ki ji gaɓar farko ta wuce a hankali ta biyun ce aka danna, to wannan haɗin gaɓa biyun ƙafa ce, sunanta iamb. In kika jera biyar a ɗango ɗaya, gaɓa 10 kenan, kin samu iambic pentameter, penta ɗin biyar ne da Girkanci. Ki riƙa buga tebur da yatsa kina karantawa a bayyane za ki ji shi, karatun zuci ba ya fitar da shi ko kaɗan.

Hajiya_Zee:
Ummi 'yata kar ki haɗa blank verse da free verse don suna son kawo su tare a tambayoyin zaɓi. Blank verse yana da ma'auni, iambic pentameter ɗin nan da aka faɗa miki, amsa-amo ne kawai babu, da shi Shakespeare ya rubuta mafi yawan wasanninsa haka ma John Milton a Paradise Lost da ya fito a 1667. Free verse kuwa ba ma'auni tsayayye ba amsa-amo, kuma waƙoƙin Afirka na zamani da yawa da za ki karanta haka suke. Sai sunayen baitoci, couplet ƙwar biyu ce wato ɗango biyu masu amsa juna, quatrain ƙwar huɗu, refrain amshi, enjambment kuma shi ne sabi-zarce wato maganar ba ta ƙare a ɗango ba sai ta zarce na gaba. Sonnet ɗango 14 ne, irin na Shakespeare yana tafiya ABAB CDCD EFEF GG, irin na Italiya kuma ana raba shi 8 da 6. Amma Abu_Hanan ni ban yarda a ce mata kullum gaɓa 10 cif ba ne, wani ɗangon yakan zo da 11 kuma mawaƙin da gangan ya yi, kar ta ƙirga ta ga ƙari ta ce ba shi ba ne.

Abu_Hanan:
Gaskiya ne Hajiya, yakan faru, har ƙafar farko ma wani lokaci sukan juya ta a fara da dannawa. Ta dai duba ɗangaye da yawa ta ga wanda ya rinjaya.

Ummin_Baba:
Kai Allah ya saka muku da alheri, wallahi yanzu na gane. Na gwada a waƙar da aka ba mu aikin gida na samu AABB a baitin farko, amma a na biyu akwai home da come a ƙarshe, su A da A zan ba su ko kuwa daban-daban?

Malam_Ɗango:
Ki ba su harafi ɗaya tunda sauran waƙar bibbiyu take tafiya, amma ki rubuta a gefe cewa half rhyme ne, baƙin ƙarshe ya zo ɗaya wasalin ne ya kauce. Ki turo baiti na uku mu gani.