Me "cognizant" ke nufi a takardar hayar da aka raba mana?

Mai Shadda, Kantin Kwari:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shadda da atamfa nake sayarwa a Kwari. Shekaranjiya wakilin mai gidan da muke haya ya raba mana takarda da Turanci kan kuɗin hayar baɗi. Ina karanta Turanci daidai gwargwado, amma layi ɗaya ya tsaya mini a rai. Ga shi yadda yake: "We are cognizant of the difficulties traders are facing." Daga nan dogon bayani ya biyo baya, can ƙasa aka sa sabon kuɗi, ya ɗara na bana nesa ba kusa ba.

'Yan layinmu mun rabu gida biyu. Maƙwabcina ya dage cewa kalmar na nufin sun tausaya mana, ƙofar ragi a buɗe take. Wani dattijo a cikinmu ya ce babu wani tausayi, salon rubutun ofis ne kawai. Na duba a waya, sai wani kamfanin kwamfuta na Amurka mai wannan suna ya cika mini shafi.

Abin ya dame ni ƙwarai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na dako suka hau, masu zuwa sari daga Nijar da Chadi suka ragu a shagona, ga yaran shago da ke ci a ƙarƙashina. Ranar Asabar za mu zauna da wakilin, ba na so in kafa hujja da kalmar da ban san nauyinta ba. Don Allah masana a taimaka.

Malamar Turanci, Gwale:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kawo kasuwa. Dattijon nan ya fi kusa da gaskiya. "Cognizant of" na nufin mutum yana sane da abu, yana da masaniya a kansa. Abin da suka ce shi ne: muna sane da halin da 'yan kasuwa ke ciki. Iyakarta ke nan. Babu tausayi a cikinta, babu alkawari. Da tausayi suke nufi da sun ce "sympathise", da ragi suke nufi da sun faɗi nawa.

Ma'anarta ɗaya da "aware", sai dai ita "aware" ta kowa ce, ita kuwa wannan ta takardun ofis da jawabin manya ce, ba kasafai za ka ji ta a hira ba. Yawanci "of" ke bin ta. Asalinta daga Latin ne, "cognoscere", wato sanin abu, tushe ɗaya da "recognise". Za ka gan ta da z, za ka gan ta da s, duk daidai ne.

Ɗalibaina kan haɗa ta da wasu, don haka bari in rarrabe. "Familiar with" sabo ne, kamar yadda ka saba da lungunan Kwari. "Conversant with" sanin aiki ne ciki da waje, shi ya sa take yawa a tallar neman ma'aikata. "Mindful of" ta fi su nauyi, domin ita sani ce haɗe da kula, mai ita yana la'akari da abin kafin ya yanke hukunci.

Tsohon Magatakarda, Gyaɗi-Gyaɗi:

Malama ta gama magana kan ma'ana. Zan ƙara abu ɗaya daga shekarun da na yi a kotu. 'Yar'uwarta "cognizance" tana da ƙarfi a shari'a. Tsohuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta Arewa, ta 1960, tana cewa kotu za ta "take cognizance" na laifi, wato ta karɓi maganar a hukumance ta fara duba ta. Daga bakin lauyoyi kalmar ta yaɗu cikin takardun gwamnati da na kamfanoni, shi ya sa take da kwarjini a ido.

Shawarata, Alhaji, duk inda ka ga wannan jimla a takarda, ka nemi "however" ko "but" da ke biye da ita. Ainihin saƙon yana bayan wannan kalma. Ta farkon shimfiɗa ce.

Mai Shadda, Kantin Kwari:

Na gode Malama, na gode Baba. Na sake ɗauko takardar, wallahi "however" ce ta buɗe layi na gaba. To yanzu ke nan ba ta da wani amfani a wurinmu? Mu bar ta kawai?

Malamar Turanci, Gwale:

A'a Alhaji, kada ku bar ta. Tana da amfani, sai dai ba irin wanda maƙwabcinka ya ɗauka ba. Sun rubuta da hannunsu cewa sun san halin da kuke ciki, don haka ranar Asabar babu mai ce muku bai sani ba. Daga nan za ku fara: tun da kun ce kuna sane, me za ku yi a kai? Ku je da buƙata takamaimai, ko a rage ƙarin, ko a raba biyan kashi biyu, ko a ɗaga zuwa bayan Sallah lokacin da atamfa ke tafiya.

In za ku mayar da amsa a rubuce, ku sa hannu gaba ɗaya, ku ce: "Since you are cognizant of our difficulties, we ask you to be mindful of them in fixing the rent." Wato tun da kuna sane da matsalarmu, muna roƙon ku yi la'akari da ita wajen yanke kuɗin haya. Ku ajiye kwafi ɗaya a wurin shugaban layinku, kuma duk abin da aka amince a zaman, a rubuta shi kafin a tashi.